Dutsen da Baba Ke Wasa Wuƙa

Garissa

Zuwa ga Yaya Abshiro,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da raƙuma. Bayan haka, kin tuna baƙin dutsen nan da Baba ke wasa wuƙa a kai? Ashe daga sama ya faɗo! Shi ya sa duk yankinmu yashi ne, ko tsakuwa babu, sai shi. Na nuna wa wasu baƙi hotonsa, sun ce rabinsa ƙarfe ne, a ƙasarsu cikin gilashi ake ajiye irinsa. Suna so su saya, na yi musu alkawarinsa. Ranar Asabar muna tafe da babbar mota. Kada kowa ya taɓa shi.

Ƙaninki,
Guhad

Habaswein

Guhad,

Muna lafiya. Raƙuma suna amsawa, sun yi mamaki da ka tuna da su.

Dutse kam an riga an taɓa shi, da ka zo jana'iza da ka sani. Kwana biyu da binne Baba kuraye suka fara tono, ƙayar da muka jibga ba ta hana su ba. Da idona na ga bakin likkafaninsa a waje. Ni da mijina muka ɗaura wa dutsen igiya, raƙumi ya ja, muka ɗora shi a kan kabarin. Tun ranar ba su dawo ba.

Daga sama ya faɗo? Madalla. A wurinmu dai ya sauka, kuma yana bakin aiki. Kada ka ɓata man mota.

Ka huta lafiya,
Abshiro

Garissa

Yaya,

Ina gaisuwa. Wallahi ban sani ba. Amma alkawari kaya ne, na riga na ɗauka. Zan zo da siminti a yi wa kabarin rufin da ya fi dutse. Ki tuna ni ma ɗansa ne, ina da gado a ciki. Kuma kada ki wahalar da kanki da ɓoyo, suna da na'urar da ke kuka idan ta ji ƙarfe.

Allah ya huci zuciyarki,
Guhad

Habaswein

Ɗan Baba,

Na amsa. Siminti ka shafe bakinka da shi.

Jiya na tara matan unguwa da kwanduna. Mun rufe dutsen da yashi, mun bi kowane kabari mun ƙara masa tudu da sabuwar ƙaya. Yanzu duk kamarsu ɗaya, su sittin da wani abu. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, amma hannuna bai tsaya ba.

Ku zo. Ba zan tare hanya ba, har shayi zan dafa muku. Ka shiga gaba, ka taka iyayen mutane ɗaya bayan ɗaya suna kallonka, har inji ya nuna maka ubanka. Ni dai ba zan nuna ba.

Sai kun iso,
Abshiro

Garissa

Yaya Abshiro,

Ina gaisuwa. Ban iya shigowa gida ranar Asabar ba. Kin dai ji na tsaya bakin maƙabarta, na'ura na hannuna, ban kunna ba. Baƙin sun tafi suna zagina.

Ranar Juma'a zan dawo ni kaɗai, a motar haya. Don Allah, wanne ne na Baba?

Ƙaninki,
Guhad