Yawon Buɗe Ido Na Ce, Kuma Ban Janye Ba

Zuwa ga Mai girma Shugaban ƙungiyar direbobi na tashar motocin nesa, Suleja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uba, ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'ar tasha baki ɗaya. Yaya fama da layin mai? Allah ya kawo mana sauƙi, amin.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, amma na tabbata ka ji labarina, don a ƙofar ofishinka aka yi shi. Sunana Zulai, shekarata goma sha shida, ina aji biyar na sakandare. Muna haya a unguwar Hashimi. Babana direba ne a wani ofishi a Abuja, kullum da asuba yake fita. Ni ce yarinyar da yaranka suka sauke daga motar Jos ranar Alhamis ɗin farko ta wannan dogon hutu.

Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji malami ya kira sunana, sai muryata ta maƙale. Da biro kawai nake iya faɗin abin da ke raina. Na kuma aika da takardar nan jarida ne, ba ofishinka ba, saboda a gaban jama'a aka tozarta ni, a gaban jama'a nake so a wanke ni.

Na ɗaya. Tafiyar nan ba ranar Alhamis ta fara ba. Tun ina aji uku nake son ganin Jos. Ba zan ɓoye ba, a littattafan soyayya na fara jin labarinta. Kusan duk wanda na ɗauka, da an ɗaura aure sai a tafi Jos: ga sanyi, ga duwatsu sun hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, ga gajimare yana saukowa har kan titi. Sai dai na lura da abu ɗaya. A cikin littattafan nan babu yarinyar da ke ganin Jos sai wani mai mota ya zo ya ɗauke ta. Ni kuwa mai motar bai dame ni ba, garin nake so. Shi ne na ce, to, bari in tara kuɗin motata da kaina.

Littattafan na mayar jari. Ina ba 'yan makarantarmu da matan layinmu haya, naira biyu kwana ɗaya, wadda ta yaga bango ta biya biyar. Asabar da Lahadi ina yin kitso. Kuɗin tara da Umma ke ba ni na daina taɓawa, ina kallo ƙawayena na cin gurasa ina haɗiyar yawu. Duk a asusun ƙasa nake zubawa. Ban roƙi kowa ba, kuma babu saurayin da ya ba ni ko kwabo, don ba ni da shi. Ina so a ji wannan da kyau.

Na biyu. Ban tashi haka kawai ba, sai da na yi lissafi. Maƙwabciyarmu Maman Ifeoma, mai saro kabeji da dankalin turawa daga Jos, ita ta faɗa mini farashin komai. Kuɗin mota zuwa da dawowa, naira ɗari biyar. Motar cikin gari, sittin. Shiga gidan kayan tarihi da gidan namun daji, arba'in. Abinci ɗari da hamsin, don ban son in zama nauyi ga masu masaukina. Hoto biyu a gindin dutse, sittin. Tsarabar dankali da karas, ɗari. Kuɗin ko-ta-kwana, ɗari. Sai suwaita ta gwanjo, ɗari da ashirin, ruwan ganye, da na saya ana ta yi mini dariya a cikin wannan zafi na Suleja. Jimla, naira dubu ɗaya da ɗari da talatin. Masauki bai shiga ciki ba, saboda ƙanwar Ummata, Anti Hassana, nas ce a can, kuma ta aiko ta bakin Maman Ifeoma cewa za ta tare ni a tasha.

Da na kai wa Baba lissafin, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, "To idan taya ta fashe a hanya, aka ce a canja mota fa?" Na nuna masa ɗarin ko-ta-kwana. Ya yi dariya, ya ce, "Jeki, Allah ya tsare." Shi da kansa ya sauke ni a ƙofar tasharka, ya wuce da sauri kada motar ma'aikata ta bar shi.

Na uku. Ga abin da ya faru. Na biya naira ɗari biyu da hamsin a hannun ɗan kamashon da ake kira Oga Sale, mai jar hula. Na zauna a baya, gefen taga. Saura mutum biyu mota ta cika, sai na ciro littafina ina karantawa. Can ya leƙo ya ce, "Ke 'yan mata, wajen wa za ki a Jos?"

Na ce, "Yawon buɗe ido zan je."

Ranka ya daɗe, da ka ga yadda ya ja da baya yana tafa hannu. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku zo ku ji! Yarinya za ta yawon buɗe ido!" Nan da nan mota ta yi baƙi da mutane. Wani direba ya ce, "Ai ido ya riga ya buɗe, saura yawon." Aka fashe da dariya. Oga Sale ya fizge littafin daga hannuna, ya ɗaga bangon sama, inda aka zana mace da namiji da fure, ya ce, "Ga shaida! Oya, sauko. Ba a motata za a gudu daga gida ba." Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta janye jakarta kamar ina ɗauke da cuta.

Na yi ƙoƙarin in ce Babana ne ya kawo ni, kuma innata na jirana. Da ƙyar maganar ta fito. Suka ce, "Kun ji, yanzu kuma ta ƙirƙiro inna." Aka zaunar da ni a bencin mai shayi, duk wanda ya zo wucewa sai an nuna masa ni. Ina kallo aka sayar da kujerata ga wani mutum mai buhun barkono, mota ta tashi. Sai kusan azahar wani da ya san gidanmu ya je ya kira Umma. Ta zo a guje, takalminta wari da wari. A can Jos kuwa Anti Hassana ta bar aikinta ta wuni a tasha, tana leƙa kowace motar Suleja, hankalinta a tashe.

Na huɗu. Maganar kalmar nan. Ba ni na ƙirƙiro ta ba. A rediyo na ji ta, irin rediyon da ke rataye a rumfar mai shayinku. Kullum ana cewa gwamnati za ta bunƙasa yawon buɗe ido, ban taɓa jin an ce gwamnati ta lalace don ta faɗi haka ba. Turawa na tsayawa a gindin Dutsen Zuma suna ɗaukar hoto, wasu su shige ta wajen Gawu su je kallon ruwan Gurara. Masu yawon buɗe ido ake ce musu, kuma direbobinka har rige-rigen ɗaukarsu suke yi, ana washe baki. Ban taɓa jin an zaunar da ɗayansu a benci an aika kiran uwarsa ba. Ashe idan Bature ya faɗa sunansa baƙo, idan 'yar Hausawa ta faɗa sunanta 'yar iska?

Na san abin da za a ce. Ai da na ce gaisuwa zan je, ko suna, ko jinya, da babu wanda zai ɗaga kai. Gaskiya ne, a wurinmu mace ba ta hawa mota sai wani ya haihu ko wani ya mutu. To ni ba wanda ya haihu, ba wanda ya mutu. Gari zan je gani. Kuma ban ga dalilin da zai sa in yi ƙarya in kashe wani ɗan uwana da baki don kawai a bar ni in zauna a kujerar da na biya ba.

Ban ce tambaya laifi ce ba. Na san akwai yaran da ke gudu daga gida, kuma da ƙanwata ce zan so a tsare ta. Amma mai son tsare yarinya gefe yake janta, ya tambaye ta a hankali, ya ce wane ne babanki, ina yake aiki. Ba ya tara mata jama'a. Abin da aka yi mini ba tsarewa ba ce, nishaɗin safe ne.

Na biyar. Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni yin shiru. Kafin la'asar, duk layinmu an ji cewa "an kamo Zulai a tasha". Kamowa, ranka ya daɗe, kamar akuyar da ta tsinke igiya. Uwar ƙawata Asabe ta jefo mini littafina ta kan katanga, ta ce kada in ƙara ba 'yarta. Masu haya sun ɗauke ƙafa. Masu kitso sun koma wani gida. Da na je ɗibar ruwa a famfo, wata ta ce, "A ba ta hanya, masu buɗaɗɗen ido sun iso." Na cika bokitina, sai da na shiga ɗaki na yi kukana.

Babana bai dake ni ba, bai zage ni ba, ya san shi ya kai ni. Amma ya daina zama a dakalin ƙofar gida bayan magariba. Abin da ya fi ci masa rai, direbobi 'yan uwansa ne suka yi wa 'yarsa haka. Ya ce mini, "Zulai, ba ki yi laifi ba, amma ba zan sake miƙa ki ga bakin mutane ba. Idan shugabansu ya aiko cewa kuskure ne, yadda maƙwabta za su ji, za ki tafi. Idan bai aiko ba, ki manta da Jos." Ka ga ke nan tafiyata tana hannunka, haka ma sunana.

Na shida. Kuɗina. Umma ta je ofishinka neman naira ɗari biyu da hamsin ɗin, aka ce kana taro. Ta koma, aka ce mata kuɗin lodi ba ya dawowa idan mota ta tashi. To ai ba da ni ta tashi ba. Kujera ɗaya, an karɓi kuɗinta a hannuna, an karɓa a hannun mai barkono. Idan don Allah aka sauke ni, yaya aka yi Allah bai tuna musu da kuɗina ba? Wataƙila a wurinku kuɗin shayi ne. A wurina kitso ne da na yi har yatsuna suka ƙage, da gurasar da ban ci ba. Yanzu naira ɗari bakwai da sittin suka rage mini. In na fitar da kuɗin mota, abin da zai saura ba zai ishe ni yadda na tsara ba, kuma hanyar da nake samu an toshe ta.

Don haka ga roƙona, kuma ba mai yawa ba ne.

A dawo mini da naira ɗari biyu da hamsin. Ban nemi ƙari ba, ban kuma yarda a ce sadaka aka ba ni ba.

A dawo mini da littafina. Yana hannun Oga Sale, na ji an ce yana karantawa a ɓoye a bayan rumfa. Ban hana shi ba, ya ƙarasa, amma haya naira biyu ce kwana ɗaya, kuma ina ƙirgawa.

Ka aiko da mutum ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya zuwa gidanmu, da rana, lokacin da maƙwabta ke waje. Ya yi sallama da Babana a ƙofar gida, ya ce Zulai ba guduwa ta yi ba, yaran tasha ne suka yi kuskure. Ban ce a kori kowa ba. Na san Oga Sale yana da iyali, ban son abincin 'ya'yansa ya yanke ta dalilina.

Sannan ka faɗa wa yaranka, idan yarinya ta zo ita kaɗai, a tambaye ta a gefe, da murya ƙasa, yadda za su so a tambayi tasu.

Ranka ya daɗe, hutu ya kusa ƙarewa. Na sake zama na yi lissafi. Idan kuɗina ya dawo, komai na nan yadda na tsara. Idan ka aiko da dattijo amma kuɗin bai zo ba, na soke hoto, na soke tsaraba, na rage abinci, zan je in ga duwatsun da idona in dawo hannu sake. Abu ɗaya ne ba zan iya sokewa ba, shi ne aiken da Baba ke jira.

Ranar da ya iso, washegari zan zo tasharka, Babana a gabana. Ba wata tasha zan je ba, taka zan zo. Zan biya, in zauna a baya gefen taga. Idan Oga Sale ya leƙo ya ce wajen wa za ni, ko da muryata na rawa zan ce masa yawon buɗe ido zan je. Suwaitata tana nan a ninke a saman jaka, ban ciro ta ba.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya tsare motocinka da fasinjojinsu, ya shirya maka zuri'a. Allah ya sa duk inda 'ya'yanka mata suka shiga, su haɗu da masu tambayarsu a hankali.

Wassalam.

'Yarka,
Zulai, Hashimi, Suleja.