Hoton Hannuwan Inna

Damagaram, 6 ga Maris

Zuwa ga mahaifiyata Inna Hajjo, a Dakusa.

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kina lafiya, ke da 'yar'uwata Indo da yaranta. Yaya ciwon gwiwar? Yaya haƙuri da zafin bana?

Inna, buhun geron da na yi miki alkawari ba zai zo wannan kasuwar ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Kin tuna hoton da na ɗauka kina wanke anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da muke ci lokacin yunwa, a ƙwarya, wanda kika yarda in sa a shagona na intanet muddin fuskarki ba ta fito ba? Wani Bature ya saya, ya biya da katin banki, ya sauke hoton a na'urarsa. Bayan sati uku ya koma bankinsa ya rantse bai san da cinikin ba. Suka janye kuɗin daga kamfanin da ke karɓa mini, suka ɗora mini tara a kai. Da akuya ce ya kwance, da na bi sawu. Hoto kuwa yana wajensa, ba yadda zan karɓo shi.

Kamfanin ya ce masu sayar da irin kayanmu ba su cika cin wannan shari'a ba, tunda ba direban da zai shaida ya kai kaya. Na ce su rubuta sunana, zan yi.

Ki gaida kowa. Ɗanki,
Suma'ila

Damagaram, 2 ga Afrilu

Inna, ina gaishe ki. Allah ya sa maganin da na aiko ya karɓe ki.

Indo, ki karanta mata wannan a hankali. Abokina Ɗan Azumi, mai sayar da zanen ɗinkin riga a intanet, shi ya nuna mini a wayarsa. Baturen nan ya sa hotonki a shafin neman taimako, ya rubuta a ƙasa wai hannuwan wata tsohuwa ce mai bara, wadda 'ya'yanta suka gudu suka bari. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na tattara komai: saƙon da ya aiko yana yaba hoton, rana da sa'ar da ya sauke shi, da shafin nasa mai ɗauke da sunansa. Na tura wa banki. Da ya ga haka sai ga saƙonsa, da taushin baki. Zai biya ninki uku, in na janye ƙara na kuma bar rubutun yadda yake.

Ba zan ɓoye miki ba, na daɗe ina kallon saƙon. Na san rumbu ba komai, na san abin da tiyar gero ta kai a Takieta. Zuciyata ta ƙi, amma ni ina gari, ku ke cin anzar. Hannuwan naki ne. Abin da kika yanke shi zan yi.

Ɗanki mai neman gafara,
Suma'ila

Damagaram, 19 ga Mayu

Inna, gaisuwa da fatan alheri. Na ji an yi yayyafi wajen Tirmini, Allah ya kawo mana shi da albarka.

Amsarki ta iso da rubutun Indo: “Fari biyu na gani kafin wannan, ban miƙa wa kowa hannu ba. Ba a na uku zan fara ba, balle a ƙasar da ban sani ba.” Haka na juya wa Baturen da Faransanci, ban rage ko kalma ba.

Jiya banki ya yanke. Sun maido kuɗin hoton, tarar kuwa sun ce ta tafi. An kuma sauke shafin nasa. Mu tara ne yanzu masu sayarwa a nan, mun haɗa kai: ba wanda zai saki kaya sai mai saye ya sa hannu a sharaɗi da sunansa na gaskiya, kuma duk wanda ya cuci ɗayanmu, sauran ba za su sayar masa ba. Biyu daga masu sayen kayana sun gudu saboda haka. Su sauka lafiya.

Abin da ya dawo bai kai buhu ba, rabi ne da 'yan tiyoyi. Geron yana cikin motar Inusa direba ta ranar Alhamis. Na so in cika shi da bashi, sai na tuna ke za ki fara tambayata inda ya fito.

Ki sa mini albarka. Ɗanki,
Suma'ila