Makin Jirgin da Maigidana Ya Bari

Anti, ki taimaka mini, kaina ya kulle.

Maigidana mai gyaran injinan asibiti ne, rabin rayuwarsa a jirgi ya yi ta. Kamfanin da yake hawa yana ba shi maki a kan kowace tafiya, in sun taru a yanki tikiti da su. Bai taɓa amfani da ko ɗaya ba. Nakan tsokane shi wai ko gida zai gina da su, sai ya ce na zuwa ganin 'yarmu ne, wadda aure ya kai ƙasa mai nisa. Bara ya rasu, ba mu je ba.

Yanzu yarinyar tana kwance, ƙodarta ta daina aiki. Na shiga asusunsa ta wayarsa na yanki tikiti da makin. Jirgin kamfanin ba ya zuwa can, sai suka ɗora ni a na wani kamfani abokin hulɗarsu. Ina tsaye a layi da akwati aka ce an soke tashin.

Tun ranar ake wasa da hankalina. Masu jirgin da aka soke sun ce ba su karɓi ko sisi ba. Masu makin sun ce an riga an cire, kuma da mai asusun kaɗai za su yi magana. Na kasa buɗe baki in ce yana kabari, ina tsoron su rufe asusun. Ƙaninsa, da muryarsu ɗaya, ya ce zai kira su a matsayin marigayin. Jiya na ji muryar 'yata a waya, ta shaƙe har ban gane ta ba. In bar ƙanin ya kira?

Uwar mai jinya

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba yarinyar lafiya.

Kamfanin da ya soke tashin bai yi miki ƙarya ba. A bisa al'ada, maki alƙawari ne a wuyan kamfanin da ya bayar. In aka yanki tikiti da su a jirgin abokin hulɗa, sai fasinja ya tashi sannan masu makin suke biyan wancan. Ba ki tashi ba, don haka maganarki tana wurin masu makin.

Ƙanin mijinki tausayi ne ya motsa shi, amma kada ya kira. Za su yi masa tambayoyin da ba zai iya amsawa ba, in suka gane kuma komai ya lalace. Ke ma shiga asusun kuskure ne, ko da yake ban ga uwar da ba za ta yi ba. Ki kai musu takardar rasuwa, ki faɗi gaskiya a rubuce. Wasu kamfanonin suna mayar wa magada makin, wasu ba sa yi, kuma ko sun yarda ba sa sauri.

'Yarki ba za ta iya jiransu ba. Ki tara dangi yau, ki cire kunya, a haɗa miki kuɗin tikiti, ƙanin nan ya fara sa nasa. Maigidanki ya yi ta jiran maki su ƙara taruwa har ya tafi bai gan ta ba. Kada ki jira kamar yadda ya jira.

Allah ya sa ki same ta tana iya gane ki.