Ramuka Bakwai na Malam Kailani

Tudun Wada, Zariya
12 ga Agusta

Ƙanwata Juwairiyya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Alhaji, yaya Hanifa da karatu? Mu nan lafiya, sai ruwa da ya kwana huɗu bai ɗauke ba.

Maganar gidanmu ce. Kin san kakanmu Malam Kailani ne ya gina shi, bayan ya koyi aikin dutse wajen masu gadojin jirgin ƙasa. Lokacin layinmu duk ginin ƙasa ne, har daga Tudun Jukun ake zuwa kallo. Kaurin bangon kamu biyu, kuma ba siminti ko cokali ɗaya, laka ce tsakanin duwatsun. A gindin bangon baya, inda filin maƙwabta ya fi namu tudu, ya bar ƙananan ramuka bakwai.

Ni yayanki, mai kabad uku na littattafai, na yanke hukuncin cewa ƙofofin ɓeraye ne. Da rani na sa aka toshe su, aka shafe bangon da siminti, aka yi fenti. Inna ta ce mini, "Malamin makaranta, surukina bai bar rami don gajiya ba." Na yi dariya.

Ashe ta nan ruwa yake fita. Yanzu bangon bayan, wato na ɗakin Inna, ya yi ciki kamar mai wata bakwai, ga tsagewa daga taga zuwa rufi.

Ki gaida mutanen gida.

Yayanki,
Sharfaddeen

*

17 ga Agusta

Juwairiyya,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya.

Na dawo da maginin da ya toshe ramukan don ya buɗe su. Ya ɗora tafin hannunsa a bangon, ya janye, ya ce fentin ne kaɗai ke riƙe da shi, ba zai buga guduma ba. Ko shayin da na zuba masa bai tsaya sha ba.

Na roƙi Inna ta koma ɗakina. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan Baba ya cika, ba za ta fita don wautata ba. Maganarki kaɗai take ji, kin sani.

Kullum da safe ina sa alamar fensir a ƙarshen tsagewar, kafin la'asar ta wuce alamar. Ƙofar Inna da ta ƙi rufuwa shekaranjiya, yau sai da na sa kafaɗa kafin ta buɗu. Na same ta tana lazimi, ta jingina da bangon. Wai yanzu ya fi sanyi, yana yi wa bayanta daɗi.

Kada ki jira Asabar ɗin da kika saba zuwa. Direban da ya ba ki wannan takarda zai juyo da la'asar, ki biyo shi. Hadari ya sake haɗuwa a gabas.

Yayanki,
Sharfaddeen