Zuwa ga Laminu a Agadas, da Labarin Kunnen Ordinatar

Assalamu alaikum, Mushe Laminu. Gaisuwa mai yawa daga Matamaye, tare da fatan jiki ya yi sauƙi. A gaida ɗanka Mamman, wanda na san shi zai karanta maka wannan. Masu leƙe kuma ku yi haƙuri da bakina, taubashina ne, ba a shiga tsakaninmu.

Na zo neman gafara, abin da ban taɓa yi maka ba a shekara sittin, don haka ka gyara zama.

Ranar da za a tafi da kai Agadas wurin Mamman, bayan ciwon nan ya riƙe maka harshe da hannun dama, ka bar mini rediyonka mai kamun nesa da tsohuwar ordinatar, kwamfutar nan taka. Ka zana mini komai a takarda da hannun hagu: sauti ya fito daga rediyo, ya bi waya, ya shiga 'yar akwatin da ake soka wa ordinatar, ita kuma ta tsinto rubutu daga cikin shuuu ɗin da kunnen mutum ba ya jin komai a ciki. Kai za ka riƙa aikowa da ɗayan rediyon da ka tafi da shi bayan la'asar, ni in kama. Salula kuwa ka ƙi, tun muna koyarwa a lekol kake cewa, "Abin da kowa ya iya ba gwaninta ba ne."

Sati uku ina zaune gaban allon ordinatar nan. Launuka suna gangarowa kamar ruwa a indararo, amma ko harafi ɗaya bai fito ba.

Na hau iccen bedin tsakar gida da tsufana na ƙara ɗaga wayar iska, wato eriya, na sauko da rabin wando. Na kai ƙaramar wayar kasuwa aka sake mata kai. Na murɗa ƙarar rediyo har ƙarshe, na dawo da ita, na hura ramukan duka kamar mai hura wuta. Wata rana wani jan layi ya miƙe sambal a allon, na tashi na yi hamdala, na ce ga Agadas ta iso. Ashe maƙwabcinmu ne ya tada injin niƙa. Ban gane ba a lokacin, har na ba mutanen masallaci labari.

Da na gaji sai na yi abin da na fi iyawa, na ɗora maka laifi. Na kira Mamman na ce ubansa ba ya aiko komai, ko hannun ne ba ya danna daidai. Ya ce kullum kana zama gaban rediyo tun kafin la'asar, kuma abin nan kaɗai ke tashe ka daga shimfiɗa. Ya ce ka nuna masa kwali, wai bayan Juma'a a tattara kayan rediyon a ajiye. Wallahi, Laminu, kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi ta.

Uwargidana Hajiya Rakiya ce ta gano. Ka san ta, ba ta taɓa kayanka, tana dai tsaye tana tsince shinkafa ina zagin ordinatar. Ta ce ita ta lura duk sanda na buɗe baki koren sandan nan na gefen allo yana tsalle, in na yi shiru ya kwanta. Na ce mata wannan ilimi ne, ba girki ba. Ta tafa hannu sau ɗaya, sandan ya tashi har sama. Na zare wayar rediyo gaba ɗaya, launuka suka ci gaba da zuba abinsu.

Ashe ordinatar da nata ɗan mikro na jikinta mai ɗaukar murya take saurare. Sati uku tana jin zabi, da turmi, da tarina, da duk abin da na faɗa a kanka, tana ta ƙoƙarin mayar da su rubutu. Allah Ya rufa asiri ba ta iya ba. Na duba takardarka, ga shi can ƙasa ka rubuta, har ka ja masa layi biyu: a zaɓi akwatin, ba mikro ba. Na ɗauka hannunka ne ya zame.

Jiya na zaɓi akwatin. Na zauna, na rufe bakina, Hajiya ta ce wannan ma ci gaba ne. Can sai ga wani siririn zare a allon, da ƙyar ake ganinsa. Sai haruffan da ake kiranka da su a rediyo suka fito, a bayansu kuma: HABU KANA NAN. Ya sake fitowa, ya sake. Na ƙirga har tara kafin idona ya daina gani sosai.

Rediyon nan ji kawai yake, ba ya mayar da magana, shi ya sa na rubuto. Ina nan, ɗan'uwana. Duk kwanakin nan ina nan, wauta ce ta toshe ni. Kada ka bari a sa komai a kwali.

Allah Ya sassauta maka, Ya kwance harshen nan ko don ka rama zagin, Ya yi wa Mamman albarka, Ya sa mu gana da alheri.

Naka, mai saurare gobe bayan la'asar,
Habu