Abin Ƙanƙarar Yaya Lubabatu

Yako, ranar Litinin.

Zuwa ga Yayata Lubabatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zafin Kano? Inna tana gaishe ki.

Yaya, na rubuto ne don ba zan iya faɗa a wayar Kawu ba, kowa yana saurare. Na buɗe kwalin kayan kicin ɗinki na aure, wanda kika ce kada a taɓa sai ranar jere.

Tun da zazzaɓi ya kwantar da Baba bakinsa ya yi ƙuraje, ko koko ba ya iya haɗiya. Malama Juwairiyya mai firjin sola ta ce sanyi zai taimaka, amma ƙanƙarar leda ta yi masa girma. Sai na tuna da shuɗin abin ƙanƙarar nan naki mai gida goma sha biyu, mai laushi kamar kunnen akuya. Na dama fura da nono ruwa-ruwa na zuba. Ranar farko ya lanƙwashe a hannuna, rabi ya ƙare a zanina kafin in kai ƙofar Malama. Yanzu a kan faifai nake ɗora shi.

Baba ya tsotsi uku. Inna ta juya baya tana share ido.

Amma da sauran ƙanƙarar suka ƙi fita, wuƙa na sa, na huda gida biyu. Ranar kasuwar Dangora na kai wa mai liƙin roba. Ya gasa ƙarfensa ya ɗora, abin ko gezau, sai tabo da ya bari. Ya ce in kwashe kayana, shi bai taɓa ganin robar da ba ta tsoron wuta ba.

Na ci amanarki, Yaya. Don Allah ki yafe mini.

Taki ƙanwa,
Fiddausi.

Yako, ranar Asabar.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Uzairu direba ya kawo takardarki. Sai da na yini da ita a ƙugu kafin na iya buɗewa.

Ashe da babban yatsa ake turo guntayen ƙanƙarar ta ƙasa! Na gwada, suka faɗo kamar gyaɗa daga kwanso. Na ji kunya, na yi dariya ni kaɗai.

Baba yanzu yana zama da kansa, jiya har tuwo ya ci loma biyar. Na karanta masa inda kika ce kada in nemi sabo, wannan mai hujin za a sa a gaba ranar jere. Ya ce ni zan jera shi da hannuna, shi kuma da ƙafarsa zai je ya gani.

Na cika gida goman, zan kai gidan Malama.

Allah ya bar mu tare.

Taki har kullum,
Fiddausi.