Eka Biyu na Maƙabartar Verbivka

Verbivka, 3 ga Mayu 1997

Zuwa ga ƙanena Orest,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Marlene da yara. Mu nan ƙanƙara ta narke, ko'ina caɓi.

Ba hira ce ta sa na ɗauki biro ba. Ranar Lahadi na je share kabarin Baba da Mama, sai na tarar an kafa turaku da jan ƙyalle har cikin maƙabarta. Ka san jikokin tsoho Sorensen sun sayar da gonarsu ga kamfanin noma na Holtby. Na tsayar da manajansu a hanya, na ce, "Wa ya ba ku izinin kafa wannan a kan iyayena?" Ya ce, "Baba tsohuwa, takardarmu ta ce duk filin namu ne. In an gama shuka za mu sare itatuwan. Wanda yake son ƙasusuwansa ya zo ya kwashe." Na tsige turke uku a gabansa na jefa a kwata.

Ni dai na san Sorensen ya ba coci eka biyun nan kyauta tun kafin cocin ya ƙone. A teburinmu ya sa hannu, ina zuba masa shayi. Kuma kai Baba ya aika birni da takardar a yi rajista. To ina shaidarta?

Ka gaida mutanen gida.
Yayarka, Halyna

Winnipeg, 12 ga Mayu 1997

Yaya Halyna,

Na gaishe ki da girmamawa. Wasiƙarki ta kwana huɗu a aljihuna kafin na iya zama in ba ki amsa.

Ba a yi rajistar ba. Na kai takardar a 1964, magatakarda ya dawo min da ita, ya ce babu rantsuwar mai shaida, in koma gida in kawo. A ranar nan na samu aiki a tashar jirgin ƙasa. Na ce zan dawo wata mai zuwa. Da Baba ya tambaye ni, na ce masa an gama. Shekarata goma sha tara lokacin, amma daga baya na girma, ban gyara ba. Kin sha zagina cewa ranar da aka binne Baba ko abinci ban tsaya ci ba. Dalilin ke nan. Na kasa tsayuwa a filin.

Takardar tana nan cikin akwatina. Jiya na kai ta ofishin rajistar filaye, na gaya wa wata jami'a, Malama Desjarlais, komai ban ɓoye ba. Ta ce kada in sa rai, domin wanda ya saya bisa abin da rajista ta nuna, doka tana bayansa. Amma ta ce za ta duba tsofaffin littattafai.

Ki yafe min, in za ki iya.
Ƙanenki, Orest

Verbivka, 19 ga Mayu 1997

Orest,

Gaisuwa. Shekara talatin da uku kana kwana da wannan abu, ka bar ni ina zaton raina mu ka yi don ka zama ɗan birni. Da kana kusa da na kwaɗa maka muciya. Maganar yafiya sai na huce. Yanzu kullum da safe nakan kai kujera bakin maƙabarta in zauna da saƙata. Direban tarakta ya ce, "Kaka, har yaushe za ki zauna?" Na ce masa ai nan za a kawo ni ƙarshe, ina sabawa da wurin ne.

Halyna

Ofishin Rajistar Filaye, 6 ga Yuni 1997

Zuwa ga Malama Halyna Prokopiw,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke sakamakon binciken da na yi kan filin maƙabartar Verbivka.

A littafin karɓar takardu na 1965 na samu cewa ranar 9 ga Nuwamba, mahaifinki, Danylo Prokopiw, ya zo da kansa ya shigar da takardar gargaɗi a madadin cocinku, yana cewa eka biyu na kusurwar arewa an ba da su don binne mutane. Magatakarda ya rubuta a gefe cewa mutumin ba ya jin Turanci sosai, sai da aka kira mai sharar ofis ta yi tafinta. Wannan gargaɗi ba a taɓa soke shi ba. Yana rubuce a bayan takardar mallakar gonar har yau, don haka kamfanin ya sayi filin ne da shi a kai, ko lauyansa ya karanta ko bai karanta ba.

Babban Mai Rajista ya ba da umarni kada a taɓa wurin. Zan zo ranar 17 ga wata tare da mai awon fili. Tunda kina nan aka sa hannu a takardar kyautar, zan karɓi rantsuwarki a matsayin shaida, sannan a fitar wa maƙabartar da takardarta daban.

Ki huta lafiya.
Lorraine Desjarlais, Mai Binciken Takardu

Verbivka, 2 ga Yuli 1997

Ƙanena Orest,

Ina gaishe ka, kuma na huce. Ga kwafin wasiƙar matar nan, ka karanta kana zaune.

Ta zo kamar yadda ta ce. Ƴar siririya ce, ta zo da takalmin ofis, laka ta cinye shi, na ara mata na roba. Manajan ya iso da lauyansa, lauyan ya fara dogon Turanci. Ta bar shi ya gama, sannan ta juya takardarsu ta ɗora yatsa ta ce, "Karanta min nan." Ya karanta, ya tattara takardunsa. Manajan da hannunsa ya bi yana tsige sauran turakun, muna kallo, ni da limamin cocinmu Fada Metro da mutanen ƙauye sun kai ashirin. Ba wanda ya taya shi.

Mun ƙirga kaburbura arba'in da ɗaya. Ta rubuta sunan kowa, har waɗanda gicciyensu ya ruɓe, ina faɗa tana tambayata yadda ake rubutawa. Ta ci kwano biyu na miyata kafin ta tafi.

Takardar maƙabartar ta iso jiya da hatimi. Na kai ta can na karanta wa mamatanmu da ƙarfi da harshenmu.

Wani abu kuma. Na tuna Nuwamban nan. Baba ya sa kwat ɗinsa na coci, ya ce zai je birni a cire masa haƙori. Ya dawo da haƙoransa cif. Ya san ba ka yi rajistar ba, Orest. Shekara goma sha huɗu ya ƙara a duniya, kullum yana yi wa mutane alfahari da ɗansa na jirgin ƙasa, bai taɓa ɗaga maganar ba.

Za mu kewaye wurin da waya ranar Asabar ta sama. Muna neman masu haƙa ramukan turaku.

Yayarka mai ƙaunarka, Halyna

Winnipeg, 7 ga Yuli 1997

Yaya,

Na gaishe ki. Na karanta, Marlene ta sake karanta min don idona ya ƙi.

Zan iso a bas ɗin Juma'a. Kada ki aiko kowa ya ɗauke ni, daga titi zan taka zuwa maƙabarta. Ina da magana da Baba tukuna. Ki ajiye min abinci, zan kwana.

Ƙanenki, Orest